Gonar Yquem: ba attajiri ne ya ƙwace ta ba, magada ne suka saki

Giya haramun ce, ban zo tallata ta ba. Abin da ya ja hankalina a labarin gonar inabi ta Château d'Yquem, wadda ake yin giya da inabinta, a yankin Sauternes da ke kudu da birnin Bordeaux na Faransa, shi ne yadda gida ɗaya ya riƙe ƙasa fiye da shekara 200, sannan ta suɓuce masa a teburin rabon gado.

Gonar ta shiga hannun iyalan Lur Saluces ta hanyar aure a 1785. Da aka jera gonakin Bordeaux daraja-daraja a 1855, ita kaɗai aka ware wa matsayi na musamman a saman duk takwarorinta na yankin.

Ku dubi aikin da ke ciki. Hazon safiya da ke tasowa daga kogin Ciron yana sa wata fumfuna ta kama 'ya'yan inabin, su yamutse, zaƙinsu ya taru. Ba a tsinke su gaba ɗaya. Masu tsinka sai su bi layi suna zaɓen waɗanda suka kai, su tafi, su dawo bayan kwanaki su sake bi, wani lokaci har makonni. Shekarar da amfanin bai gamsar ba kuwa, kamar 1972 da 1992, ba a sa sunan gonar a kan kwalba ko ɗaya. Haƙuri ke nan da ba kowane mai dukiya ke iyawa ba.

To, tafiya ta yi tafiya, magada suka yi yawa. Kowa na da kaso a takarda, amma mutum ɗaya ke juya gonar, wato Alexandre de Lur Saluces. A 1996 wasu daga cikin dangin, har da ɗan'uwansa na jini, suka amince su sayar da kasonsu ga LVMH, kamfanin kayan alatu na attajirin Faransa Bernard Arnault. Alexandre ya je kotu, aka yi ta fafatawa, zuwa 1999 kamfanin ya samu rinjaye.

Mutane na zagin Arnault, ni ban ga laifinsa ba. Mai saye ba ya shiga sai an buɗe masa ƙofa. Su ma magadan ba zan ce musu maciya amana ba, don wanda ya gaji kaso yana da haƙƙin ya ga amfaninsa. Abin da ke min ciwo shi ne gidan da ya iya jiran inabi ya nuna, ya kasa zama ya daidaita tsakanin 'ya'yansa tun kafin baƙo ya zo. Alexandre ya ci gaba da shugabantar gonar har 2004, amma a ƙarƙashin wasu.