Yadda ake zana sanatan da aka hana magana

Mai zanen barkwanci mai motsi da murya yake fara aiki. Sai an rubuta zancen, an naɗe shi, sannan ya zauna gaban kwamfuta yana maimaita sauraro, yana zana yadda baki ke wangalewa a kan "a" da yadda leɓɓa ke haɗuwa a kan "m" da "b". Daƙiƙa ɗaya kan ci zane 12, minti ɗaya kenan zane 720. Duk wannan wahala ana shan ta ne don mutumin cikin zanen ya yi magana. To idan labarin na wanda aka hana magana ne fa?

Mu ɗauki Sanata Abdul Ningi. Hira ya yi da BBC Hausa kan kasafin kuɗin 2024, ya ce akwai naira tiriliyan 3.7 da ba a ga ayyukan da aka ware su dominsu ba. Ranar 12 ga Maris, 2024, Majalisar Dattawa ta dakatar da shi wata uku. Shekara guda bayan haka, ranar 6 ga Maris, 2025, aka dakatar da Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan wata shida.

Abin da zai fara zuwa wa mai zane a rai shi ne kwaɗo a bakin sanata. Ana gane shi nan take, kuma yana rage aiki, tunda bakin da aka kulle ba ya buƙatar motsi. Ni dai ina ganin wannan hoton ya gaza. Yana mayar da ɗan siyasa gwarzo, alhali ko an dakatar da sanata 'yan jarida na tururuwa gidansa, muryarsa ma ƙara nisa take yi.

Waɗanda aka rufe wa baki suna Ningi, Warji, Darazo, Misau, Ganjuwa da Dambam, wato ƙananan hukumomin mazaɓar Sanata Ningi ta Bauchi ta Tsakiya. Su suka tsaya layi cikin rana suka zaɓi wakili, aka wayi gari kujerarsu babu kowa. A nan zane mai motsi ya fi na jarida, domin yana da lokaci a hannunsa. Ina so in ga an buga guduma, hoto ya tsaya a kan kujerar, sannan a hankali ta rikiɗe ta koma benci a asibitin ƙauye, wata uwa na zaune da yaro a cinya. Babu kiɗa, babu sharhi, har daƙiƙa biyar. Mai kallo a waya zai ɗauka sautin ne ya lalace, ya kai yatsa zai ƙara murya, kuma a lokacin saƙon ya isa gare shi.

Akwai amana a wuyan mai zanen. Kada ya zana buhunan kuɗi a kafaɗar kowa, don zargi daban, hujja daban, kuma majalisa na da ikon ladabtar da 'ya'yanta. Inda yake da ƙarfi shi ne tsawon hukuncin. Kotu ta soke dakatarwar da aka yi wa Abdulmumin Jibrin a Majalisar Wakilai a 2016 da wadda aka yi wa Sanata Ali Ndume a 2017, amma a duka biyun sai da mutanen mazaɓun suka riga suka yi watanni babu wakili. Watannin nan nake so a lissafa a kan allo, ganyen kalanda na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya kusa da kujerar.