Kafin ka kai matarka Basiniya gaban jami'in shige da fice na Amurka

A watan jiya wani ƙanena da ya je Amurka karatu, ya zauna har ya zama ɗan ƙasa, ya kira ni cikin dare yana neman shawara. Ya auri wata abokiyar karatunsa Basiniya, Musulma 'yar ƙabilar Hui daga birnin Lanzhou na ƙasar Sin, kuma hukumar USCIS mai kula da shige da fice ta aiko musu da takardar gayyata zuwa ganawar da za ta yanke ko za a ba matar katin zama na dindindin, wato girin kad. Abin da ya dame ni shi ne irin shirin da suke yi. Sun kwaso jerin tambayoyi daga intanet, kullum bayan sallar isha'i sai su zauna suna bita kamar masu tilawa: wane launi ne buroshin haƙorinta, a wane gefen gado yake kwana, me suka ci ranar Lahadi. Na ce masa, "Ƙanena, kun bar jaki kuna dukan taiki." Har yanzu ina kan wannan ra'ayi, kuma tun da ba shi kaɗai ne ɗanmu da ke cikin irin wannan hali ba, ya dace in bayyana dalilaina.

Ya kamata a fara da sanin abin da doka take nema. Tun daga 1986, lokacin da majalisar Amurka ta tsananta dokar auren bogi, duk wanda aurensa bai cika shekara biyu ba a ranar da aka amince da buƙatarsa, katin wucin gadi na shekara biyu ake ba shi. Wanda aka kama ya ƙulla aure don kauce wa dokar shige da fice zai iya shan ɗaurin shekara biyar da tarar dala 250,000, kuma baƙon da aka samu da wannan laifi ba za a sake amincewa da wata buƙata da aka shigar dominsa ba har abada. Amma ma'aunin da wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shimfiɗa a shari'ar Bark a 1975 mai sauƙi ne: shin a ranar da aka ɗaura auren, mutanen nan biyu sun yi niyyar gina rayuwa tare? Wannan ne abin da jami'in yake ƙoƙarin ganowa. Magidancin da ya manta abin da ya ci shekaranjiya bai yi wani abin mamaki ba, domin jami'an da ke wannan aiki kullum sun san haka ma'aurata suke. Abin da ke tayar da zargi shi ne amsoshi biyu da suka zo iri ɗaya kalma da kalma, kamar an karanto su daga allo ɗaya. Idan kuwa zargin ya yi ƙarfi, sai a raba miji da mata ɗaki daban-daban a yi musu tambayoyi masu zurfi, abin da ake kira ganawar Stokes, sunan da ya samo asali daga wata shari'a da aka yi a New York. A can ne hadda take rushewa, domin babu jerin da ya ƙunshi dukkan abin da ke faruwa a cikin gida.

Lokacin da suke ɓatawa a kan bita, a kan takardun matar ya kamata su kashe shi. Ƙasar Sin ba ta fara bayar da takardar haihuwa ta asibiti iri ɗaya a faɗin ƙasa ba sai 1996, kuma abin da hukumomin Amurka suka saba nema shi ne takardar shaida da ofishin tabbatar da takardu na gwamnati yake bayarwa, wadda galibi akan ciro bayananta daga littafin rajistar iyali da Sinawa ke kira hukou. Samo ta yakan buƙaci iyaye ko wani ɗan uwa ya je ofishin da kansa, saboda haka ba abu ne da za a bari sai saura mako guda ba. Duk takardar da ke cikin Sinanci dole ta zo da cikakkiyar fassarar Turanci tare da shaidar mai fassarar cewa ya ƙware kuma bai rage komai ba. Sannan akwai ƙananan saɓani da ke rikita mutane: Sinawa suna fara rubuta sunan dangi kafin sunan yanka, mace ba ta ɗaukar sunan mijinta bayan aure, kuma iyalai da yawa suna bikin ranar haihuwa bisa kalandar wata, wadda ba ta dacewa da ranar da ke cikin fasfo. Miji zai iya faɗin ranar da suka saba yanka kek, jami'i ya duba takarda ya ga wata daban. Bayani na jimla ɗaya ya isa ya warware wannan, matuƙar mijin ya san da shi tun daga gida.

Tambayar da na fi jin tsoro ga matar ƙanena ba ta cikin jerin da suke bita. Fom ɗin I-485, wanda da shi ake neman girin kad daga cikin Amurka, yana tambaya ko mai nema ya taɓa zama ɗan jam'iyyar kwaminisanci ko wata ƙungiya da ke da alaƙa da ita, kuma jami'in yakan maimaita tambayar baki da baki bayan an yi rantsuwa. Hanin ba wa irin waɗannan mutane girin kad yana cikin dokar shige da fice ta 1952, kuma USCIS ta fitar da sabon bayani a kansa a watan Oktoba na 2020. Jam'iyyar Kwaminis ta Sin tana da mambobi kimanin miliyan 100, ƙungiyar matasanta kuma tana ɗaukar masu shekara 14 zuwa 28, kuma ɗalibai masu ƙoƙari da yawa sun shiga tun suna sakandare ba tare da sun ɗauke shi wani abu ba. Mace za ta iya cewa a'a don ta manta, ko don tsoro, ko don wani ya ba ta gurguwar shawara. Dokar kuwa ta buɗe ƙofofi: ba ta kama wanda ya shiga bisa tilas, ko wanda shigarsa ta tsaya kafin ya cika shekara 16, ko wanda ya shiga don samun aiki ko abin masarufi, akwai sassauci ga wanda ya fita shekaru da suka wuce, akwai kuma afuwa da matar ɗan ƙasa za ta iya nema. Ƙarya a kan abu mai muhimmanci kuwa tana jawo hani na dindindin, wanda fita daga cikinsa ya fi wuya nesa ba kusa ba. Don haka wajibi ne miji ya zauna da matarsa cikin natsuwa ya tambaye ta tarihinta na makaranta da na aiki, idan akwai wani abu su kai wa lauyan shige da fice kafin ranar.

Mu ma muna da namu ɓangaren da ba ma son a taɓa. Dokar Amurka ba ta amince da auren mace fiye da ɗaya ba. Namijin da yake da mata a gida, ko wanda ya yi saki da baki a gaban shaidu ba tare da takarda ba, zai tarar da cewa a idon hukuma aurensa na yanzu yana rawa, domin ana neman shaidar ƙarewar kowane aure da ya gabata. Haka nan ɗaurin aure a masallacin Amurka, da waliyyi da sadaki da shaidu, yana buƙatar lasisin aure na hukumar yankin domin ya zama hujja. Rana ba ta ƙarya, kuma ranar ganawa ba ranar gano waɗannan abubuwa ba ce.

Inda nake ganin tsarin bai yi wa mutane irinmu adalci sosai ba shi ne wajen alamomin da yake auna aure da su. Jami'i zai tambayi miji sunan surukarsa, alhali Bahaushe ya tashi cikin kunyar da ta hana shi ambatar sunan surukai, Basine kuma yana kiran iyayen matarsa Baba da Mama ne, ba ya kama sunan babba. Zai nemi asusun banki na haɗin gwiwa, alhali a wajenmu dukiyar mace tata ce, ciyarwa kuma tana kan miji. Zai yi mamakin ganin an yi rajistar aure a wata shekara an yi walima a wata, alhali a Sin wannan ba baƙon abu ba ne. Na yarda cewa jami'in da yake da ɗan gajeren lokaci da mutane biyu da bai taɓa gani ba dole ya dogara da wasu alamomi, kuma auren bogi abu ne da yake faruwa da gaske. Saboda haka nauyin bayani ya koma kan ma'auratan. Miji ya koyi cikakken sunan surukansa da yadda ake furta shi, idan an tambaye shi ya faɗa, ya kuma ƙara da cewa a al'adarsa ba ya kiran su da shi. Su tara abin da rayuwarsu ta haifar da kanta: yarjejeniyar haya mai ɗauke da sunayensu biyu, takardar haraji da suka cike tare, inshorar lafiya, tikitin tafiya, hotuna da dangi, da hirarsa da iyayenta ta manhajar WeChat tare da fassara. Ya kuma tabbatar cewa kuɗin shigarsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya, kamar yadda fom ɗin I-864 na ɗaukar nauyin matar ya tanada, ko ya samo wanda zai tsaya masa.

Idan Turancin matar bai nuna ba, su nemi tafinta mai zaman kansa, kada mijin ya ce shi zai fassara, domin yana da ruwa da tsaki a maganar. Idan ba ta fahimci tambaya ba ta ce a maimaita, idan ba ta tuna ba ta ce ba ta tuna ba.

Ko an dace a wannan ganawa, ga masu sabon aure da sauran rina a kaba, domin a cikin kwana 90 na ƙarshe kafin katin wucin gadi ya ƙare dole su shigar da fom ɗin I-751 tare domin a mayar da katin na dindindin, da sababbin shaidun shekara biyun da suka wuce. Na ce wa ƙanena ya sayi jaka guda ya riƙa jefa kowace takarda a ciki tun daga yau. Bayan kwana uku ya sake kirana ya ce sun ajiye jerin tambayoyin, sun yi doguwar hira, kuma matar ta tuna cewa ta shiga ƙungiyar matasan jam'iyya tana aji uku na ƙaramar sakandare. Sun riga sun ga lauya a kan maganar, surukinsa kuma ya je ofishin tabbatar da takardu a Lanzhou don karɓo shaidar haihuwar.