Ƙannena masu buga chess, ku daina haddar tarko

Ranar Asabar na leƙa wata 'yar gasar chess da aka shirya wa ɗalibai a unguwarmu, na dawo gida raina a ɓace. Wani yaro mai kaifin basira, wanda nake ji da shi, ya zauna da fararen 'ya'ya. Motsi na biyu sai ga sarauniya ya cilla ta h5 (haka ake kiran gidajen allo, da harafi da lamba), na uku ya kawo bishop, mayaƙin da ke tafiya a karkace, c4, yana jiran ya kashe sarki a f7 cikin motsi huɗu. Abokin karawarsa bai ko ɗaga kai ba: ya fito da doki, ya tura soja ya kori sarauniyar, ya sake fito da ɗaya dokin ya toshe hanya. Daga nan yaron nan ya rasa inda zai sa kansa. Sarauniya na ta gudun tsira, sauran mayaƙansa na barci a gida. Da na tambaye shi inda ya samo wannan buɗi, wato salon fara wasa, sai ya ce a wani bidiyo na daƙiƙa talatin.

Wannan shi ne ciwon da ke cin ku. Kuna haddace tarko kamar aku, ba ku san dalilin motsi ko ɗaya ba. In abokin wasa ya kauce wa abin da kuka haddace, shi ke nan, kiɗa ya sauya ku kuma rawa ɗaya kuka iya. Sauri ya haifi nawa. Kun ga tarko ya kama wani sau ɗaya, kun ɗauka kun shiga birni, alhali Dala kawai kuka hango.

Wa ya taɓa zama a cikinku ya bi wasan gasa guda daga farko har ƙarshe, da allo a gabansa? Ku duba wasan da gwanin chess Paul Morphy ya buga a Paris a 1858. Motsi 17 ne kacal. Kusan kowane motsi sai ya shigo da sabon mayaƙi fili, har ya ba da sarauniyarsa ya gama da hasumiya da bishop, su kuwa abokan karawarsa bishop da hasumiyarsu na gefen sarki ko motsawa ba su yi ba. Ku duba wasa na shida na gasar kambun duniya tsakanin Fischer da Spassky a Reykjavik a 1972. Fischer da aka sani da buɗewa da sojan gaban sarki ya sauya ya fara da tura wani soja c4, ya buga wasan da Spassky kansa sai da ya tafa masa. Fischer ɗin nan har Rashanci ya koya don ya karanta mujallun Tarayyar Sobiyet. Ku kuwa dubban wasannin gasa na nan kyauta a shafin chess na intanet mai suna Lichess, amma kun fi son wasan minti ɗaya har ƙarfe biyu na dare, asuba ta wuce ku. Ban ma zo kan masu buɗe kwamfuta a ɓoye tana faɗa musu motsi ba, wannan sata ce, ba wani suna gare ta ba.

Mu a lokacinmu littafi ɗaya muke da shi, kwafi ne ma, bangonsa ya yage, yana yawo hannu zuwa hannu. Allonmu ya rasa soja guda, murfin kwalba muke sawa a madadinsa. Wasa ɗaya sai mu kwana uku muna gardamar me ya sa aka fito da doki kafin bishop. Wanda aka ci yakan zauna ya sake jera 'ya'yan, ya roƙi wanda ya ci shi ya nuna masa inda ya kauce. Yaron nan na Asabar, ana cinye shi ya miƙe ya zaro waya, ko hannu bai miƙa wa abokin wasansa ba.