Ai dodon ko suna ba shi da shi

Na ji daɗin wannan rahoto kan littafin Frankenstein, sai dai akwai gyara. Kun ce Frankenstein sunan dodon ne. A'a, sunan ɗalibin da ya harhaɗa shi ne, Victor Frankenstein. Shi dodon ko suna ba a raɗa masa ba.

Marubuciyar littafin, Mary Shelley, tana da shekara 18 ta fara rubutun, a 1816, a bakin tafkin Geneva, da ruwan sama ya tsare ta da abokan zamanta a gida, ɗaya daga cikinsu, marubucin waƙoƙi Lord Byron, ya ce kowa ya kawo labarin fatalwa. Littafin ya fito a 1818 babu sunanta a kai. Mahaifiyarta ta rasu tana 'yar kwana 11, jaririyarta ta fari ta rasu a 1815, ina ganin dole maraici ya bi alƙalaminta.

Fim ɗin 1931 ne ya ba duniya ƙaton nan mai ƙarfe a wuya, sai gurnani. A littafin kuwa magana yake tiryan-tiryan. Ta wata 'yar kafa a jikin bango ya koye ta, yana leƙen wasu talakawa, cikin dare ya samo musu itace ya ajiye a ƙofa. Ran da ya bayyana gare su, da sanda aka kore shi. Wallahi wurin nan sai da na yi ƙwalla.