Kafin a ɗaura diloli zuwa inda ƙasa ta girgiza

Da zarar an ji girgizar ƙasa ta afka wa wasu bayin Allah, Kanawa ba sa jira. Za a shimfiɗa tabarmar neman taimako a ƙofar masallaci bayan Juma'a, 'yan kasuwar Kwari su haɗa atamfa da gwanjo, 'yan kasuwar Singa su ƙara da katan-katan na madarar jarirai. Allah Ya saka da alheri. Amma jama'a, wani kayan a cikin nan cutarwarsa ta fi amfaninsa.

Mu fara da madarar. Ranar 6 ga Fabrairun 2023 girgiza mai ƙarfin maki 7.8 ta rusa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya, sama da mutum 50,000 suka rasu, bututun ruwa suka farfashe. Uwar da ke cikin tanti aka miƙa mata madarar gari, da wane ruwa za ta dama? Da wanda ta samu, a fidar da ba ta da wutar tafasawa. Sai jariri ya kama gudawa. Kuma da ya rage kama nono, nonon zai ja baya, ranar da gwangwanin kyauta ya ƙare a tashi ba nono ba madara. Shi ya sa UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya ke gargaɗi kan raba ta barkatai. Jaririn da babu mai shayar da shi ake ba, bisa kulawar ma'aikacin lafiya, da kofi maimakon fida. Firgici kan tsayar da zubowar nono na ɗan lokaci, ba ya ƙafar da shi. A ba uwa abinci da ruwa da wurin da za ta keɓe ta shayar, zai dawo.

Abin da ke raya yaro a sansani ba ya kyau a hoto: ruwa da banɗaki. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke bi shi ne aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana, banɗaki ɗaya ga mutum 20. Gida mai mutum takwas ke nan na buƙatar lita 120 kullum, kusan jarka biyar irin ta 'yan garuwa. A Haiti, girgizar ta zo a Janairun 2010, kwalara ta ɓulla a Oktoba, ta tarar da jama'a ba ruwa mai tsafta, ta kashe kusan mutum 10,000. Sai kuma ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa: inda ba ƙunshin asibiti, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, cokalin shayi shida na sukari, rabin cokalin shayi na gishiri, a haɗa wa yaro da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. Allurar ƙyanda ma tun yaro na wata shida ake yi a sansani, domin cunkoso ne abincinta.

Gwanjo kuwa sai an biya kuɗin jirgi, an tsaya kwastan, an ware mutanen da za su tantance shi, alhali ana buƙatarsu wajen tono waɗanda gini ya danne. Atamfa me za ta yi wa yaron da ke kwana a dusar ƙanƙara? Alhaji, sayar da dilar a nan Kwari ka tura kuɗin, a sayi bargo a garin da ke kusa da su.

Sai batun marayu, inda tausayi ya fi yaudarar mutane. Yaron da aka tsinta shi kaɗai ba lalle maraya ba ne. Wataƙila uwarsa na kwance a asibitin wani gari. A Haiti an kama Amurkawa goma za su tsallaka iyaka da yara 33, daga baya aka gano da yawansu iyayensu na raye. Ƙa'idar ita ce a rubuta sunan yaro, inda aka same shi, kayan da ke jikinsa, a ɗau hotonsa don cigiya, ba don yaɗawa a Facebook ba, a miƙa wa masu neman dangi irin su Red Cross.

Kwamitin masallaci ko na kasuwa da zai tara kuɗi ya buɗe asusu da sunan kwamiti mai sa hannun mutum biyu, ya tura ta ƙungiya mai rajista da ke aiki a can tun kafin girgizar, ya liƙa rasit a allon sanarwa. Kuma kada a tura duka a makon farko. A riƙe wani kaso sai bayan 'yan watanni, lokacin da 'yan jarida sun watse, tantuna sun fara yagewa, yara kuma har yanzu ba su da aji.