Sitiyarin Ƙarfin Tuwo

Golf 2 gare ni, irin wadda Volkswagen ya daina ƙerawa a Jamus tun 1992, kuma wani mai ita na baya ya sauke mata inji ya ɗora na Golf 3 mai AC. Hanyar Kaduna ba ta ba ta tsoro. Cutarta ɗaya ce, shan man sitiyari. In na cika mata jan man nan na ATF a Tudun Wada, kafin Samaru ya sauka ƙasan layi, famfon sitiyari kuma ya kama kuka duk inda na karya kwana. Da Oga, makanikena, ya zame robar da ke rufe bakin rak, wato ƙarfen nan mai haƙora da ke kai juyin sitiyari ga tayoyi, sai mai ya tsiyayo masa har gwiwar hannu. Cikin robar nan bai kamata a ga komai ba sai giris. In ka ga jan mai, sil ɗin cikin rak, wato robar da ke hana mai zuba, ya mutu, kuma barin famfo yana juyawa ba mai ƙona shi ne.

Oga ya ce a mayar da ita sitiyarin hannu, ya tafi Sabon Gari neman kaya. Yana ba da baya yaronsa ya matso kusa da ni.

"Alhaji, wannan ai ba ya buƙatar kaya. A cire bel ɗin famfo, shi ke nan ta koma ta hannu."

Ranar kuwa akwai suna a gidan surukaina cikin birni, sai na yarda. Yaron ya sa sifana ya sassauta famfo, ya zare bel, ya miƙo mini shi in ajiye a but.

Tun kafin Ƙofar Doka na san akwai magana. Rak mai famfo da aka raba da famfonsa ya fi rak ɗin hannu tauri nesa ba kusa ba. Na hannu a Golf 2 yana cin kusan zagaye huɗu daga ƙarshe zuwa ƙarshe, mai famfo kuwa uku da ɗan wani abu, wato kowane juyi ɗaukar kaya ya fi yawa a kansa. Ga fistan da sil a ciki suna gogar bango, ga ragowar mai da sai hannunka ya tura shi ta siraran bututu. Duk aikin da inji ke yi da, yanzu kafaɗata ke yi. Ƙari a kan haka, tayoyina faffaɗa ne masu lamba 195, don kwalliya.

Lungun surukaina ba a yi shi don mota ba. Na shiga lafiya, amma wajen juyowa in yi fakin sai sitiyari ya ce bai san zance ba. In yi gaba taku biyu, in miƙe tsaye kan kujera in murɗa, in sa ribas, in sake murɗawa. 'Yan acaba sun yi layi a baya suna ta oda, yara sun bar wajen rabon waina sun dawo kallo, babbar rigata ta jiƙe sharkaf. Surukina yana zaure, ya kafa ido a ƙasa yana jan carbi, wai bai gan ni ba. Wannan ya fi dariyar yaran ciwo.

Ana cikin haka sai tururi ya taso daga bonet. Ƙanwar matata ta leƙo daga soro ta ce, "Yaya, ashe da ruwan shayin suna ka zo mana!"

Abin da yaron bai duba ba shi ne, a irin wannan injin mai AC, ƙaramin bel guda ne ke juya famfon sitiyari da famfon ruwa. Altaneta mai cajin batir na kan babban bel mai layi-layi, shi ya sa fitilar batir ba ta kama ba, ruwa kuwa ya tsaya cak a lagireto. Na kashe inji nan take, aka bar murfin lagireto sai da ya huce. Samarin unguwa suka tura ni ƙarƙashin dalbejiya, ina riƙe da sitiyari da hannu biyu da gwiwa ɗaya.

Aikin gaskiya da Oga ya yi bayan ya gama da kunnen yaronsa daban ne. Rak ɗin hannu na Beljiyam ya samo, kuma ya ƙi karɓarsa tsirara, sai tare da tayarod ɗinsa biyu, wato sandunan da ke haɗa shi da tayoyi, da robobin ɗaure shi, da gaɓar nan da ke haɗa shi da sandar sitiyari. Na mai famfo ba sa hawa kansa daidai. Ya tsiyaye mai, ya cire famfo da ƙarfen da ke riƙe shi, da ɗan tankin mai da tiyo biyu. Kafin ya ɗaura sabon, ya juya shi ƙarshe zuwa ƙarshe yana ƙirge, ya dawo da shi rabi, sannan ya saita sitiyari tsakiya ya haɗa. In aka tsallake wannan, mota za ta fi karya kwana ta gefe ɗaya. Notin da ke matse gaɓar nan sabo ya sa, don shi kaɗai ke tsakanin hannun direba da taya.

Wajen bel, ya sauke kwamfuresan AC da ya daɗe da rasuwa, ya sa wa famfon ruwa fuli mai layi-layi, wato ƙarfen da bel ke hawa, ya nemo gajeren bel da ya zagaya shi tare da altaneta. Daga nan sai wajen alaimen, domin duk wanda ya taɓa tayarod bai saita ƙafa ba, taya zai cinye gefe guda. Tayoyin kwalliya ma suka tafi, aka dawo da 175/70 R13, mai faci ya ba su iska 30.

Yanzu a kan titi da yatsu nake tuƙa ta, ba kuka, ba ɗigon mai a ƙofar gida. Wajen fakin ne take neman haƙƙinta, kuma dabarar ita ce kada a murɗa tana tsaye. A bar ta ta ɗan gangara, sai ta saki. Uwargida ta gwada fito da ita daga gareji sau ɗaya, ta sauko ta miƙo mini makulli, ta tsayar da Keke Napep.