Zaɓen ƙananan hukumomi: takardar sakamako ce ke korar masu zaɓe

A watan Janairun 2021 jam'iyyar APC ta lashe kujerun ƙananan hukumomi 44 na Kano ba ta bar ko ɗaya ba. Ranar 26 ga Oktoban 2024 NNPP ta yi irin wannan kwasa, ciyamomi 44 da kansiloli 484. Masu zaɓen Kano ba su sauya ba a tsakanin nan, mai riƙe da gidan gwamnati ne ya sauya. Haka aka gani a Kaduna da Jigawa a wannan watan, inda APC ta kwashe 23 da 27 ɗinsu kaf. To mai shago a Kurna da aka ce ya rufe shagonsa ranar Asabar saboda an hana zirga-zirga, me zai kai shi layi? Sau da yawa ana ɗora laifin ƙarancin fitowa kan jahilci ko rashin kishi. A ganina mutane lissafi suka yi, kuma lissafinsu daidai ne.

Tushen abin yana cikin tsarin mulkin 1999. Sashe na 7 ya ce dole a gudanar da ƙananan hukumomi ta hannun zaɓaɓɓu, amma sashe na 197 ya miƙa zaɓen ga hukumar zaɓe ta jiha, wadda gwamna ke naɗa shugabanta da mambobinta, majalisar jiha ta tabbatar, kuɗin aikinta kuma daga gwamnatin jihar yake fitowa. INEC rajistar masu zaɓe kawai take ba su. Daga cikin ƙananan hukumomi 774, shida na Abuja ne kaɗai INEC ke yi wa zaɓe, kuma can ne ake ganin jam'iyyu na raba kujeru.

Wanda ya taɓa tsayawa ejan a zaɓen da INEC ta shirya ya san yadda ake kare ƙuri'a. Ana tantance mutum da na'urar BVAS, ya dangwala, a zazzage akwati a gaban jama'a, a ware lalatattun ƙuri'u, a ƙirga da babbar murya. Sai malamin zaɓe ya cike takardar sakamakon rumfa, wato EC8A, ejan-ejan su sa hannu, a ba kowa kwafinsa, a manna ɗaya a bango. Wannan takarda ita ce komai. Da ita ake kama ƙarin sifili a wurin tattara sakamako na mazaɓa, da ita kuma lauya ke tsayawa a kotu.

A zaɓen ƙananan hukumomi, ita ce ba ta zuwa. Ƙorafin da 'yan adawa ke yi a jiha bayan jiha kusan iri ɗaya ne: kaya su iso da azahar, a kawo akwati da takardun ƙuri'a amma babu takardar sakamako, ko a ce za a ƙirga a sakatariya. Da zarar akwati ya bar rumfa ba a rubuta komai ba, zance ya ƙare. Ba na'urar da ta adana yawan waɗanda aka tantance, don haka ba mai iya cewa ƙuri'u sun zarce masu zaɓe. Ɗan takarar da aka kayar ya tafi kotun sauraron ƙararrakin zaɓe hannu rabbana, kotun kuma ta nemi hujja rumfa-rumfa.

Kafin ma a kai ga akwati akwai shingen kuɗi. A 2024 hukumar zaɓen Kano ta fara sa naira miliyan 10 ga mai neman ciyaman da miliyan 5 ga kansila, har sai da aka je kotu. Malamin firamare da unguwa ta yarda da shi, ina zai samo miliyan biyar?

Kaduna ta taɓa nuna cewa abin yana gyaruwa. A 2018 da 2021 ta yi amfani da na'urar jefa ƙuri'a, mutum ya danna alamar jam'iyyarsa, na'ura ta riƙe lissafi. An samu tangarɗa, an kuma yi zargin maguɗi, amma PDP ta ci wasu ƙananan hukumomi, kuma a 2021 jam'iyyar gwamna Nasir El-Rufai ta faɗi a rumfarsa ta Unguwar Sarki. A 2024 aka ajiye na'urar, sakamako ya koma yadda aka saba.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya haramta kantomomin riƙo, ya kuma ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Gwamnoni suka yi rige-rigen shirya zaɓe, kantoman jiya ya dawo da sunan zaɓaɓɓe.

Masu cewa a miƙa wa INEC aikin suna da hujja, sai dai kada a ɗauka sha yanzu magani yanzu ne. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ke da rajista, amma kimanin kashi 27 cikin 100 ne suka fita. Ko wa zai riƙe zaɓen, gyaran tsarin mulki ya kamata ya tsayar da wa'adi ɗaya da rana ɗaya ga duk jihohi, ya fitar da naɗin hukumar da kuɗinta daga hannun gwamna, ya kuma ce duk rumfar da ba a cike takardar sakamakonta a wurin ba, ƙuri'arta ba ta shiga lissafi. Matsalar ita ce gyaran ba ya tabbata sai majalisun jihohi 24 daga cikin 36 sun amince, kuma kowa ya san wanda waɗannan majalisu ke saurara.